Ana So a Yi Min Aure, Ni Kuwa Ban Taɓa Jin Jikin Nan Nawa Ne Ba

Anti, assalamu alaikum. Shekaruna 26, ɗinki nake yi a Kano. Namiji aka haife ni, amma tun ina ƙarami nake jin ba cikin maza ne wurina ba. Da na balaga, murya ta buɗe, gemu ya fara tsirowa, sai da na daina duba madubi. Ba maganar sha'awar maza ko mata nake yi ba, tsakanina da jikina ne. An kai ni ruƙiyya, na sha rubutu, na yi azumi, abin yana nan inda yake. Yanzu Hajiyarmu ta matsa sai na auri 'yar ƙanwarta bayan babbar Sallah. Wani da muka haɗu a intanet ya ce in fara shan ƙwayoyin tsarin iyali, jikina zai canza. Wasu kuma a can cewa suke in ban yi tiyatar sauya jinsi ba, ƙarya nake. Ina salla, ina tsoron Allah, ba na son in ja wa gidanmu abin kunya. Wani lokaci da dare nakan ji gara a ce ban farka ba. Yaya zan yi? Ni ne, Mai ɓoyayyen ciwo.

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka rufe wasiƙarka da "ni ne", shi ya sa zan amsa maka da "kai". Ran da ka fi son a kira ka da wani abin, ka faɗa min.

Daga ƙarshen wasiƙar zan fara, don a nan gabana ya faɗi. Wanda yake kwanciya yana fatan kada ya farka, likita yake buƙata, kuma a cikin makon nan. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau. In kana jin nauyin wani ya gan ka a garinku, ka hau mota zuwa asibitin tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Ba dole ne ka zazzage komai a ranar farko ba. Ka ce barci ya ƙaurace maka, komai ya fita daga ranka, tunanin mutuwa yana zuwar maka. Wannan kaɗai ya isa a saurare ka a ba ka magani. In kuma wani dare abin ya wuce fata ya koma shiri, ka fara tunanin da me za ka yi da kuma yaushe, to kada ka zauna kai kaɗai. Ka tashi wani a gidan ya kai ka sashen gaggawa, ko da ƙarfe biyun dare ne. Damuwa mai tsanani tana jin magani, kuma duk shawarar da za ka yanke a kan sauran lamarin za ta fi kyau in ka yanke ta kana samun barci.

Abin da ka kwatanta, likitoci sun san shi. Suna kiransa disforiyar jinsi, wato ƙuncin da mutum ke ciki idan jinsin da yake ji a ransa ya saɓa da jikin da aka haife shi da shi. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa wannan suna a littafinta na 2013. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon kundin cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022, ta cire wannan hali daga babin taɓin hankali ta mai da shi babin lafiyar jima'i. Har yau masana ba su tsayar da dalili guda da ke jawo shi ba. Abin da aka sani shi ne, ana samunsa a kowace al'umma, kuma yakan tsananta daidai lokacin da ka faɗa, lokacin balaga. Ban ga laifin Hajiya da ta kai ka ruƙiyya ba, abin da ta sani ta yi, don ƙauna ta yi. Amma shekaru sun shuɗe ana yi, sakamakon kuma kai ka fi kowa saninsa. Manyan ƙungiyoyin likitoci sun yi gargaɗi cewa tilasta wa mutum ya sauya wannan ji ba a ga yana aiki ba, sai dai ya ƙara masa tsanar kansa.

To, maganar aure. A nan ba zan yi maka kwana-kwana ba: kada ka auri yarinyar nan. Aure ba maganin wannan ba ne, kuma ita ba ta yi laifin komai ba da za a ɗauke ta a kai ta gidan da mijin ke ƙyamar jikinsa. Ka yi tunanin shekara biyu nan gaba. Yarinya tana kuka ba ta san dalili ba, tana zargin kanta, ana kai ta wurin masu kayan mata, uwarta da Hajiya sun fara gaisuwa sama-sama. Auren zumunci in ya mutu, gida biyu yake tafiya da su. Kunyar da kake gudu yau ƙarama ce a kan wadda za ta zo in an ɗaura an warware, balle a ce an samu rabo a tsakani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Zan dawo kan yadda za ka tunkari Hajiya.

Ƙwayoyin nan kuma, ka bar su a kemis ɗinsu. Yawancin ƙwayoyin tsarin iyali suna ɗauke da wani nau'in sinadarin mata da ake kira etinil estiradiyol. Likitocin da ke kula da masu sauya jinsi a ƙasashen da ake yin abin a asibiti sun daɗe da daina ba da shi, saboda yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, mutum ya faɗi yana tsaye. Haɗarin ya fi yawa ga mai shan taba, ga mai ƙiba, da mai sikila, kuma ka san yawan sikila a wajenmu. Magungunan da ake haɗawa da shi don danne sinadarin maza su ma ba na wasa ba ne. Ɗaya yana iya tara sinadarin fotashiyam a jini har ya rikita bugun zuciya, wani yana taɓa hanta. Shi ya sa a asibiti ake auna jini kafin a fara, a ci gaba da aunawa duk bayan 'yan watanni. Abokinka na intanet ba zai auna maka komai ba, ba kuma zai zo jinya ba. Haka allurar ciko da wasu ke yi wa mutane a ɗaki don ƙarin ƙugu ko ƙirji: tana ruɓar da nama, tana iya kisa.

Akwai kuma abin da ba su faɗa maka ba, wato abin da sinadarin ke yi da abin da ba ya yi. Nono yakan fara fitowa cikin wata 3 zuwa 6, ya ci gaba da girma har shekara 2 ko 3, kuma in ya fito ba ya komawa sai da tiyata. Maniyyi yana raguwa, ga wasu haihuwa ba ta dawowa ko sun daina sha. Amma muryar da ta riga ta buɗe ba ta sirancewa, gemu sai dai ya rage sauri, ƙashi kuwa yana nan yadda yake. Ka duba da kyau: abubuwa biyun da ka ambata da bakinka, murya da gemu, su ne ƙwayar ba ta iya taɓawa sosai. Abin da take kawowa da wuri kuma shi ne wanda ba za ka iya ɓoyewa ba a gidan da kuke kwana ɗaki ɗaya da ƙanne, a shagon da ake cire riga saboda zafi.

Wannan ya kawo ni kan abin da na fi so ka riƙe. Mutanen da ke ce maka in ba ka yi tiyata ba ƙarya kake, sun ɗauka hanya ɗaya ce tal, daga shiga zuwa ƙwaya zuwa wuƙa, kowa sai ya bi ta har ƙarshe. Ba haka ba ne ko a wurin likitocin da wannan ne aikinsu. Ƙa'idojin da ƙungiyarsu ta duniya ta sabunta a 2022 cewa suka yi a bi kowane mutum da gwargwadon buƙatarsa. Da yawan masu wannan hali ba su taɓa yin tiyata ba, wasu ba su taɓa shan sinadari ba. Wasu sun sha a hannun likita sun samu sauƙi ƙwarai, yawancin binciken da aka yi a kan manya abin da ya nuna ke nan, duk da ana ta muhawara a kan ƙarfin binciken. Wasu kaɗan sun fara sun tsaya, wasu sun yi nadama. Hayaniyar da kake ji daga Ingila, inda rahoton Dakta Hilary Cass na Afrilun 2024 ya ce hujjar ba yara maganin dakatar da balaga ba ta da ƙwari, a kan yara ce da matasa, ba a kan mai shekara 26 ba. Kowane ɓangare yana ɗauko abin da ya yi masa daɗi ya jefa a intanet.

Kai tela ne, ka san ɗinki ana farke shi a sake, amma yadin da aka yanka ya yanku. Ka auna kafin ka sa almakashi. Aunawar kuwa ita ce ka rarraba ciwon, kada ka bar shi dunƙule. Ka zauna ka tambayi kanka, a cikin yini wane lokaci ne abin ya fi ci maka rai? Lokacin wanka ne, ko lokacin da aka ce "kai namiji ne fa"? Gemun ne, ko zaman majalisar maza da irin hirar da ake yi a can? Jikin ne kansa, ko rawar maigida da ake jira ka taka? In da za ka wayi gari a inda babu mai ganinka, za ka so jikin ya canza, ko a can ma sauƙi za ka ji? Amsoshin nan suna bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma ba a samun su a dare ɗaya. Wani in ya bi diddigi sai ya ga kaso mafi girma na ƙuncinsa gashin fuska ne da na jiki, kuma wannan ana rage shi da aski ko da na'urar leza a asibitin fata, ba tare da kowa ya tambayi dalili ba. Wani sauƙinsa mutum ɗaya ne amintacce da zai kira shi da sunan da ya zaɓa in suna su biyu. Wani kuwa duk ya gwada waɗannan ya ga ba su isa ba, jikin ne dai. Shi ma ya ƙaru, don yanzu ya san abin da yake nema, ba abin da aka ce masa ya nema ba.

Sai dai akwai wani wuri da shawarar Turai take kifewa in ta iso Kano. A can suna cewa sauya shiga da suna shi ne mataki mai sauƙi, in bai yi maka ba ka koma. A nan shi ne matakin da ba a komawa. Unguwa ba ta mantuwa, hoto ɗaya a WhatsApp ya isa. Ga kuma doka. Kundin Penal Code da Arewa ke aiki da shi tun 1960 ya lissafa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin masu laifin zaman banza. Jihar Kano ta yi tata dokar a shekarar 2000 da ta haramta wa namiji kwaikwayon mata a shiga ko ɗabi'a, kuma Hisba tana kame a kan haka. Dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14 a kan auren da shekara 10 a kan shiga ƙungiya, ba ta ambaci irin halinka ba, amma wanda ya zo kama ka ba zai tsaya bambance maka ba, haka ma taron 'yan unguwa. Babu kuma wata doka a Najeriya da ta tanadi canza jinsi a takardun shaida. Ba don in tsorata ka na jero waɗannan ba. Mai ba ka shawara daga Landan ko Toronto ba shi zai kwana a hannun hukuma ba.

Ka yi hattara da wayarka. Akwai masu farautar irinku a intanet, su yi abota da mutum, su nemi hoto ko su gayyace shi wani ɗaki, daga nan sai duka da ƙwace da barazanar tona asiri. A kudu har suna suka ba abin, kito. Kada ka tura hoton da fuskarka ta fito, kada ka faɗi unguwarku ko inda shagonka yake, kada ka je ganin wanda ba ka sani ba a keɓaɓɓen wuri. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Na san za a ce maka ɗan daudu, wataƙila an sha faɗa. 'Yan daudu sun daɗe a ƙasar Hausa, tun kafin intanet da surutunta: suna tuya da sayar da abinci a tasha da kasuwa, suna da iyayen gidansu da zumuncinsu, mata suna kiran su aikin biki. Bayan shekarar 2000 filinsu ya ƙuntata sosai. Da yawansu maza suke ɗaukar kansu, suna aure suna haihuwa, don haka ba lalle halinsu ne naka ba. Na kawo su ne don ka san ba daga waje aka shigo mana da mutanen da ba su zauna daidai cikin layin maza ko na mata ba.

Batun addini, ni ba malama ba ce, ba zan ba ka fatawa ba. Amma zan faɗa maka abin da ke cikin littattafai, mai daɗi da marar daɗi. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa akwai wani mukhannasi, wato namiji mai ɗabi'un mata, da ke shiga gidan Ummu Salama, ba a hana shi ba sai ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ji yana siffanta jikin wata mace ta Ɗa'ifa. Imam Nawawi, a sharhinsa na Muslim, ya kasa irin waɗannan mutane biyu: wanda haka aka halicce shi, ba shi ya ɗora wa kansa ba, wannan babu zargi babu zunubi a kansa, da wanda ya ƙirƙira da gangan, wanda shi ne hadisin tsine wa maza masu kwaikwayon mata ya nufa. Ibn Hajar ya ƙara da cewa na farkon ma ana so ya yi ƙoƙarin bari a hankali gwargwadon ikonsa. A kan tiyata, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, da ta zauna a Makka a 1989 ta haramta ta ga wanda gaɓoɓinsa suka cika na jinsi ɗaya, ta halatta gyara ga mata-maza, kuma a kan wannan mafi yawan malamanmu suke. A Iran, Ayatullahi Khumaini ya halatta ta tun shekarun 1980, har yau ana yi a can. Ka ga ba zan ce maka malaman Kano za su sa maka albarka a kan sauya jiki ba, don ba za su yi ba. Amma a kan abin da ke cikin zuciya babu saɓani: hadisi ya tabbata cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya matuƙar ba su aikata ko sun furta ba, kuma ƙarshen Baƙara ya ce Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da za ta iya. Ka ci gaba da sallarka, kada wani ya sa ka ji ba ka da wuri a sahu. Yadda za ka daidaita imaninka da abin da za ka yi ko ba za ka yi da jikinka ba, wannan hisabi ne da babu mai yi maka shi, ni ko 'yan intanet.

Tunda mata-maza ta shigo zance: yadda ka ce balagarka ta zo, da wuya ka kasance cikinsu. Amma in akwai wani abu a halittar gabanka da ka daɗe kana shakka, ka nemi likitan mafitsara ya duba. Hukuncinsa daban ne a asibiti da a fiƙihu.

Likitan ƙwaƙwalwar ma ka auna shi kafin ka buɗe masa ciki. Aikinsa ya wajabta masa riƙe sirri, amma likitoci mutane ne, wani zai fahimta, wani wa'azi zai yi maka. Bayan zama biyu ko uku za ka gane irin wanda ka samu. Ka fara da tambayarsa ko abin da za ka faɗa zai shiga fayil, da wa ke iya karanta fayil ɗin. In ya yi maka tsawa ko ya ce zai kira gida, ka canza likita, kada ka daina zuwa asibiti.

Sannan ka riƙe sana'arka da hannu biyu. Ka mallaki kekenka, ka buɗe asusun da kai kaɗai ka san da shi, takardunka su kasance a hannunka. Mutumin da ke ci da kansa, yana biyan hayar ɗakinsa, ya fi samun ikon cewa "ba yanzu ba", kuma ɗinki sana'a ce da ke ci a kowane gari. Wasu sukan koma Abuja ko Legas don samun sarari, can ido ya fi yawa amma bai fi sa ido ba, ko da yake dokar tarayya tana nan. In zuciyarka ta fara raya maka ƙetare, ta hanyar karatu ko aiki za ka nema. Duk wanda ya ce zai bi da kai ta Agadas zuwa Libiya, ka guje shi.

Hajiya kuma, kada ka jira a kai kuɗin gaisuwa, balle a sa rana, don kowane mataki aka ƙara janyewa na ƙara tsada. Ka fara zuwa asibitin, don abin da za ka faɗa mata ya zama gaskiya. Sannan ka same ta ita kaɗai, ba a gaban ƙanwarta ba, ka ce: "Hajiya, ba ni da lafiya, ina ganin likita a kan damuwa, kuma ba zan iya riƙe 'yar mutane a halin da nake ciki ba. Ina jin tsoron in cuce ta in ɓata zumuncinku. A ba ta wanda ya shirya." Za ta yi faɗa, wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta ce asiri aka yi maka. Ka bar ta ta yi, kada ka ƙara bayani, kada kuma ka ce "bayan shekara ɗaya", don za ta ƙirga. In akwai kawu ko gwaggo da take jin maganarsa, ka riga ta zuwa wurinsa da wannan maganar dai, ba ƙari. Sauran labarin, ko za ka taɓa faɗa mata, da yaushe, ka bar shi sai ka samu lafiya da wurin kwanan da ba a hannun kowa yake ba.

Ka sake rubuto min bayan ka ga likitan. Allah ya ba ka lafiya.

Anti